Igiyar da ta Kuɓuce a Karar Tsafe

Nahuce, 6 ga Satumba

Zuwa ga Tajuddeen, lauyan da ya manta hanyar Bungudu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan da sauƙi, ban da ƙafar Inna, gwaggonka, da ta kumbura tun farkon damina. Gero ya nuna, an fara yanka a gonakin tudu.

Na san za ka yi dariya ka ce yau baiwarka ta zo ƙofarka da ƙafarta. Yi dariyarka, ɗan Kawu. Shekara tara rabonka da Nahuce, kuma da layin waya yana aiki da sai na fara zazzage maka wannan a kunne kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Tunda an yanke layin a jihar gaba ɗaya, na koma biro da takarda kamar ina aji shida. Adamu direba, mai kai mini daddawa Gusau, shi zai kawo maka.

An ɗaure Bashar shekara huɗu.

Idan ka manta shi, ƙanena ne, wanda ka taɓa jefawa cikin rumbu ka rufe. Shekara goma sha biyu ke nan yana Tsafe yana aikin kamun shanu a kara, a hannun Baba Sahabi, babban mai kamu na kasuwar. Dattijon ya koya masa aikin, ya kuma ba shi ɗiyarsa Wasila, wadda yanzu haka cikinta ya tsufa.

Abin da aka ce shi ne, wata ranar kasuwa a tsakiyar watan jiya Bashar ya yi wa wani ɗan sanda, Kofur Amos, ture a cikin kara, ya kayar da shi a kan ƙarfen mota. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, kansa ya fashe. Ranar ashirin da shida ga Agusta aka kai Bashar kotun majistare a nan Gusau ɗinku, ina zaune a ciki. Kafin a shiga, dattawan kara sun kewaye shi suna cewa ya amsa laifi, ya ba da haƙuri, sai a yi sulhu. Mu duka haka muka sani: a gaban hakimi, wanda ya durƙusa ya ce ya yi kuskure shi ake cewa tashi ka tafi, kada ka sake. Da alƙali ya tambaye shi, sai ya ce, “Ni nat ture shi, a yi min afuwa.” Alƙali ya rubuta. Ko ruwan da na shigo da shi bai huce sanyi ba aka gama shari’ar.

Tajuddeen, yaron nan ko akuya ba ya duka cikin fushi. Mutum ne da ake ba shi bijimin da ya gagari mutum biyar, ya kwantar da shi yana yi masa magana a hankali. Gidanmu ba mu da dukiya, amma tun daga kakanmu ba a taɓa nuna mu da yatsa ba, kuma ba zan yarda a fara a kan Bashar ba. Na ji an ce akwai abin da ake kira ɗaukaka ƙara. Ka ɗaukaka ta, ko ina ne ake kai ta.

Ga daddawa nan a ƙullin leda biyu. Ɗaya ta matarka ce, ɗayar ma tata ce.

Taubashiyarka,
Mansura

Gusau, 10 ga Satumba

Zuwa ga Mansura, baiwata mai dogon harshe,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, daddawarki ma ta iso, har yau ofishina ƙamshinta yake, mutane suna shigowa neman lauya suna tambayar ko miya ake sayarwa. Muna lafiya. Ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce mata ta rage tsayuwa, ta riƙa ɗora ƙafar a kan wani abu. Kunyar shekara tara ta kama ni.

Ga yadda abin yake. Daga ranar da aka yanke hukunci muna da kwana talatin mu kai ƙara babbar kotu, wato ashirin da biyar ga wannan wata ƙofar za ta rufe. Wahalar ita ce ya amsa laifi da bakinsa. Kotu ba fadar hakimi ba ce, wanda ya ce ya yi, an gama da shi. Hanya ɗaya ce ta rage mana: mu nuna cewa abin da ya amsa ba shi ne laifin da aka rubuta ba, akwai dalilin turewar da ba a ji ba. Kuma takardar ɗaukaka ƙarar, shi da kansa zai sa mata hannu.

Jiya na je gidan yari na gan shi. Ya rame kaɗan, amma lafiyarsa ƙalau, har ya tuna mini maganar rumbu. Na ce masa, Bashar, me ya sa ka ture mutumin nan? Ya ce, “Inda yat tsaya ba wurin tsayi ba ne.” Na ce, don me ba wurin tsayi ba ne? Sai ya kama murza yatsunsa. Na zaro takardar na ajiye a gabansa da biro, na bayyana masa cewa idan muka je babbar kotu sai an faɗi duk abin da ya faru a karar, daga farko har ƙarshe, da sunan kowa. Sai ya tura mini takardar da yatsa ɗaya, ya ce, “In haka ne, Yaya, shekara huɗu ba ta da yawa.”

Na yi masa faɗa, na lallashe shi, na kawo masa maganar Gwaggo da ta cikin Wasila. Idonsa ya yi ja amma bai taɓa biron ba. Da na ce to zan je Tsafe in tambayi surukansa, a nan ne kawai ya ɗaga murya, ya ce in bar mutanen gidan nan daga cikin maganar.

Na shekara takwas ina zama gaban masu ƙarya, na san kamanninsu. Bashar ba ƙarya yake ba, rufa wa wani asiri yake yi, kuma amsar tana gidan surukansa. Ban san ko mece ce ba tukuna. Ki ba ni ’yan kwanaki in nemi ɗan sandan da kansa. Kafin nan, don Allah, ki riƙe harshen nan naki.

Ubangidanki,
Tajuddeen

Nahuce, 16 ga Satumba

Zuwa ga Wasila,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin da sauƙi. Inna tana gaishe ki. Ni ma na gaishe ki, don haka aka koya mana a gidanmu.

Yau na sami takardar lauya daga Gusau, ta kwana shida a aljihun motar Adamu saboda hanya ba ta biyu. Kwana shida daga cikin ’yan kwanakin da suka rage wa ƙanena. Lauyan ya rubuta da hannunsa cewa Bashar ya ƙi sa hannu a takardar da za ta fitar da shi, don yana rufa wa wani asiri, kuma asirin a gidanku yake.

To ina tambayarki. Wane ne a gidanku ya doki ɗan sanda aka ɗora wa Bashar? Wani yayanki ne, ko wani ɗan gatan Baba? Yanzu na gane abin da ya sa dattawanku suka kewaye shi a ƙofar kotu suna ta cewa ya amsa, ya amsa. Na gane abin da ya sa babanki ya zauna a bencin baya bai ce uffan ba, ko ɗaga kai bai yi ba da aka fita da yaron da ya yi masa bauta shekara goma sha biyu. Kun ga bare ne, ɗan Nahuce, ba shi da uba a raye, sai kuka miƙa shi.

Ku sani yana da yaya. Ranar ashirin da biyar ga wata ƙofar ɗaukaka ƙara za ta rufe. Idan ta rufe kuna zaune, zan zo Tsafe in tsaya a ƙofar gidanku in faɗi abin da kuka yi, kowa ya ji. Ke kuma, cikin da kike ɗauke da shi, sai ki shirya abin da za ki gaya masa ranar da ya tambayi ina babansa yake lokacin da aka haife shi.

Mansura

Gusau, 18 ga Satumba

Mansura,

Assalamu alaikum. Shiru ban ji daga gare ki ba, ina fatan lafiya ce, ina kuma fatan shirun nan yana nufin kin ji maganata kin riƙe bakinki. Yaya ƙafar Gwaggo?

Na sami Kofur Amos. Yana jinya a gidansa a nan Gusau, hannu a rataye a wuya. Na shiga ina tsammanin za a kore ni, sai matarsa Monica ta kawo mini kujera da ruwa. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ranar da aka yi shari’ar yana kwance a asibiti, kuma tunda wanda ake ƙara ya amsa laifi, ba wanda ya buƙaci jin ta bakinsa.

Ga abin da ya tuna. Yana tsaye a gefen wata babbar mota yana duba takardun shanu, ya ba filin baya. Ya ji ihu, kafin ya waiwaya wani ya ɗauke shi da kafaɗa. Ya ce, “Da na faɗi, kafin idona ya rufe, ƙasa ta girgiza kusa da kaina. Wani abu babba ya wuce daidai inda nake tsaye, na ji numfashinsa.” Abokan aikinsa suna ɗaya gefen motar. Da suka zagayo, abin da suka gani shi ne mutum a kan ɗan sanda, bindiga ta faɗi gefe.

Kin gane? Sa ne ya kwance, Bashar ya ture mutumin daga gabansa. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa wanda ya ceci rai zai gwammace gidan yari da ya faɗi haka. An rufe kasuwannin shanu, masu kamu sun watse, biyun da na samu sun ce ba su ga komai ba, suna faɗa suna kallon ƙasa. Na koma wurin Bashar na gaya masa abin da Kofur ya ce. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, bai ƙara ba.

Kwana bakwai suka rage.

Tajuddeen

Tsafe, 22 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Mansura,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, sai nauyi da kumburin ƙafa. Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ina yi mata addu’a.

Takardarki ta zo jiya. Na karanta ta sau uku, na yi kuka, sannan na wanke fuskata. Ba wanda ya doki kowa a gidanmu, Yaya. Zan gaya miki abin da ƙanenki ya hana ni faɗa, in ya so ya yi fushi da mu duka.

Kin san yadda ake kamu. Mutum biyu ne a kan sa. Babba shi yake zarga igiya a ƙaho ya riƙe, ita ce igiyar gaba. Ƙarami ya zagaya baya ya jefa tasa a ƙafa. Tsakanin zargawar farko da ta biyu, ran duk wanda ke cikin kara yana hannun mai igiyar gaba. A wurinsu, wanda ta taɓa kuɓuce masa har aka ji ciwo, ba a sake ba shi ita, kuma da wannan za a riƙa tuna shi, ba da shekarun da ya yi ba. Baba ya shekara arba’in da ɗaya yana riƙe ta. Babu sa ko ɗaya da ya taɓa ƙwace masa.

Tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara gani, don ni nake miƙa masa fura, na ga yana karɓar ludayi da hagu. Ƙanenki ma ya gani. Bai ce komai ba, sai ya riƙa saurin jefa igiyar ƙafa don kada riƙon ya yi wa Baba tsawo. Ranar nan bijimin ya fizga kafin ya jefa. Igiyar ta zare daga hannun Baba, ta tafi da fatar tafinsa. Sauran kin ji shi, ko za ki ji.

Da na je ganinsa a ofishin ’yan sanda kafin a kai shi Gusau, na ce masa ka faɗi gaskiya mana. Ya ce, “In tsaya gaban mutane in ce hannun surukina ya mutu? Wanda yak koya min aiki, yab ba ni ke?” Ya sa na rantse. Dattawan kuma ba miƙa shi suka yi ba. Sun ɗauka idan ya amsa ya ba da haƙuri za a yi sulhu a rufe maganar, shi ya fito, sunan Baba ya tsira. Da aka ce shekara huɗu, sai kowa ya ɗauka an gama, ba abin da magana za ta gyara. Tun ranar Baba bai fita ko zaure ba sai masallaci. Bai san akwai wata ƙofa da ta rage a buɗe ba. Ni ma ban sani ba sai a takardarki.

Baba ya same ni jiya da hantsi ina riƙe da ita, ya ce daga ina. Na ce daga Nahuce. Ya ce in karanta. Na so in tsallake wasu wurare, ya ce kada in bar ko kalma ɗaya. Na karanta masa har wurin bencin baya, har wurin bare ɗan Nahuce. Sannan ya ce, “Ɗiyar mutanen ga ta faɗi gaskiya wuri guda. Na zauna.” Ya tambaye ni yau nawa ga wata.

Yau da safe ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya saukar da igiyar daga inda take rataye, ya tafi tasha. Bai taɓa shiga ofishin lauya ba, na rubuta masa sunan Malam Tajuddeen a takarda.

Maganar abin da zan gaya wa ɗana, na riga na shirya. Zan gaya masa wane ne babansa da wane ne kakansa, ba kuma zan sunkuyar da kai ba.

Ƙanwarki,
Wasila

Gusau, 24 ga Satumba

Mansura,

Assalamu alaikum. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce mata ta ci abinci. An shigar da ƙara yau da ƙarfe goma sha ɗaya, saura kwana ɗaya. Hatimin kotu yana kan takardar, ina kallonsa ina rubuta miki.

Na ji abin da kika aika Tsafe. Na ce ki riƙe harshe, kika sake shi da gudu. Ban san ko in yi miki faɗa ko in ɗauke ki aiki ba.

Shekaranjiya dattijon ya shigo ofishina da igiya a kafaɗa. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarmar sallata, ya ba ni labarin duka ba tare da ya rage wa kansa komai ba. Na gaya masa idan muka ci gaba, sai ya rantse a takarda, wataƙila kuma ya tsaya a gaban jama’a ya maimaita. Ya ce, “Awo, don haka nis sa riga.”

Jiya muka je gidan yari. Gandirobobi suka karɓe igiyar a ƙofa, suka ce wannan kam ba ta shiga, ya sa ɗayansu ya yi masa alkawarin ba za a ajiye ta a ƙasa ba. Da aka fito da Bashar ya ga wanda ke tare da ni, sai ya zube a tsugune, ya juyar da fuska gefe kamar yadda ake yi wa suruki. Ya gaishe shi yana kallon bango.

Baba Sahabi ya miƙa masa hannunsa na dama a buɗe. Tabon igiyar ya ratsa tafin daga wannan gefe zuwa wancan, hannun yana ta rawa. Ya ce, “Dubi nan.” Bashar bai duba ba. Ya ce, “Na ce ka duba. Ni nak koya maka cewa mai igiyar gaba shi ka ɗaukar abin da yaf faru. Yaushe anka ba ka ita har kaka ɗaukar nawa?”

Bashar ya ce, “Baba, shekara arba’in da ɗaya.”

Dattijon ya ce, “Sun wuce, nawa ne, ba mai ƙwace min su. Huɗun ga naka ne, da na ɗiyata, da na abin da ke cikinta. Ɗauki alƙalami.”

Na miƙa biron. Ya rubuta sunansa a hankali, hawaye yana ɗiga a gefen takardar, har na janye ta don kada tawadar ta watse. Ban ɓoye miki ba, ni ma na juya ina gyara jakar da ba abin da ya same ta. Na yi aiki da manyan mutane a garin nan, ban taɓa alfahari da dangi kamar jiya ba, kuma na haɗa da dattijon a cikin dangin.

Kada ki yi guɗa tukuna. Sa hannu ba nasara ba ce. Zan roƙi kotu ta karɓi rantsuwar Baba da ta Kofur Amos, wanda ya ce zai zo ko da hannun bai warke ba. Ranar zama, ki zo, amma ki bar harshen a Nahuce.

Tajuddeen

Gusau, 17 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Yaya jego, yaya ɗan baƙon? Inna ta ce ƙafarta ta warke daidai zuwa Tsafe, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Ina rubuta miki a kan teburin Tajuddeen. Wanda zai miƙa miki takardar nan, ba sai na gaya miki sunansa ba. Na san kuma ba zai ba ki labarin komai ba, zai ce an gama lafiya, shi ya sa na zauna in rubuta.

Kafin komai, ki yafe mini. Na kira gidanku da abin da ba shi ba ne, na taɓa miki cikinki da magana. Wata biyu ina neman yadda zan faɗi wannan, girman kai yana hana ni. Na riga na durƙusa a gaban Baba a ƙofar kotu. Ya ce in tashi, ya ce in da ɗiyan Nahuce ba su da baki da har yanzu yana zaune a ɗaki.

Wannan ne zama na uku. A na biyu ne aka ji shaidu. Kofur Amos ya zo da kakinsa, ya faɗi abin da ya ji ya wuce ta kansa, ya ce shi bai zo neman a hukunta kowa ba, ’ya’yansa uku suna da uba yau saboda mutumin da ke tsaye a can. Sannan aka kira Baba. Kotun cike take da masu kamu, na ga har waɗanda suka ce ba su ga komai ba. Ya faɗi sunansa, ya faɗi shekarunsa a kara, sannan ya ɗaga hannun sama yadda na baya ma za su gani, ya ce, “Daga hannun ga igiya tak kuɓuce. Yaron ga bai yi komi ba sai gyaran ɓarnata.” Lauyan gwamnati ya tashi zai yi masa tambaya, ya dubi hannun, ya ce ba shi da tambaya.

Yau mai shari’a ta karanta hukunci. Tajuddeen ya fassara mini: ta ce mutumin da ya ce “na ture shi” bai ce “na yi nufin cutar da shi” ba, kuma ban haƙuri irin namu ba shi ne amsa laifi ba. Ta soke ɗaurin, ta sallame shi. An hana ni magana a ciki, na cika alkawari har bakin ƙofa, a nan na rangaɗa guɗar da sai da wani ɗan sanda ya yi dariya.

A waje na ja Bashar gefe na ce, kai yanzu da gaske shekara huɗu za ka yi? Ya ce, “Yaya, ko goma ce.” Na so in kai masa duka, na kuma so in goya shi in zaga Gusau da shi. Wani mutum da ya ji ƙarshen shari’ar ya matso yana tambayarsa wai yaya aka yi bijimin ya kwance. Bayan duk abin da aka faɗa a ciki, da kunnena na ji ƙanena ya ce, “Sa ne mai ƙarfi.”

Sai Baba ya kira shi. Masu kamu suka ja baya suka ba su fili. Ya sauke igiyar daga kafaɗarsa ya ce in an buɗe kara, igiyar gaba ta Bashar ce. Bashar ya tsuguna, fuska a gefe, ya miƙa hannu biyu. Igiyar tana rawa a hannun Baba, kowa yana kallo. Na lura Bashar bai kama igiyar ba tukuna, hannun ya fara kamawa, ya riƙe shi tsakanin nasa biyu har ya tsaya cak, sannan ya karɓa.

Ki duba kafaɗarsa idan ya shigo. Ki ba shi ɗansa ya riƙe, amma sai kin yi da gaske kafin ya yarda ya ajiye igiyar.

Yayarki,
Mansura